Jirgin Wasa a Kududdufan Dutse: Abin da Ya Kamata Uba Ya Sani Kafin Ya Miƙa Rimot

Mai karatu zai yi mini afuwa, yau zan ajiye manyan batutuwan da suka cika gari in yi magana a kan abin wasan yara. Na san ba za a rasa mai cewa ina ruwan malamin harshe da jirgin roba ba. To amma abin da ya same ni a daminar 2024 a bakin wani kududdufi da ke bayan unguwarmu a nan Dutse shi ya hana ni yin shiru, musamman da yake gidaje irin namu, na ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗan abin hannu, su ne irin waɗannan kayayyaki suka fara shiga.

Ƙanena da ke fatauci zuwa ƙasar Sin ne ya zo wa babban ɗana, wanda kunya ta hana ni kama sunansa, da tsarabar wani ɗan jirgin ruwa mai aiki da batir, wanda ake tuƙa shi daga nesa da rimot. Tsawonsa santimita 65, a jikin kwalin kuma an rubuta cewa yana cin kilomita 50 a sa'a. Ban ɗauki wannan adadi da muhimmanci ba. Sai daga baya na zauna na yi lissafi, na ga ashe abin da ake nufi shi ne kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda, wato kafin mutum ya ce kwabo jirgin ya tsallake faɗin kududdufin namu. Ranar wata Juma'a bayan La'asar muka yi masa caji, muka nufi bakin ruwa, yaran unguwa na biye da mu kamar masu rakiyar ango.

Bai yi minti uku a ruwa ba. Yaron ya juya shi alhali yana tsakiyar gudu, jirgin ya tashi sama ya yi adungure, murfinsa ya yi tsalle gefe guda, shi kuma ya faɗi a kife kamar mita ashirin daga inda muke tsaye. Ina nan ina kallon yadda yake nitsewa a hankali, sai na ji ƙarar ruwa a gefena. Ko da na waiwaya, ɗana ya riga ya tuɓe takalmi, wani yaron maƙwabta kuwa da bai kai shi shekaru ba ruwa ya kai masa cinya. Tsawar da na daka a ranar ban taɓa daka wa ɗan wani irinta ba. Kududdufin nan ramin masu haƙar ƙasa ne, ba shi da gangare, mutum kan yi taku uku a tudu, na huɗun ya sami kansa a inda ruwa ya fi ƙarfin dogon namiji. Muna ji muna gani jirgin ya tafi, kuma har yau yana can ƙasa.

A kan hanyarmu ta komawa gida yaron yana kuka saboda jirgi, ni kuwa ƙafafuna rawa suke yi saboda wani abu dabam. Na fahimci cewa haɗarin wannan abin wasa ba a nutsewarsa yake ba. Jirgin da ya mutu a tsakiyar ruwa tarko ne, domin babu yaron da zai ga abu mai tsada yana lilo a gabansa bai yi marmarin kamo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa mutum dubu 300 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƙananan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu a Jigawa ba ma buƙatar wani rahoto daga Geneba kafin mu san wannan, domin da wuya damina ta wuce ba mu ji a rediyo an tsamo gawar yaro daga kududdufi ba. Saboda haka da na yanke shawarar saya wa yaron wani jirgin, sai na yi alƙawarin ba zai taɓa ruwa ba sai na koyi yadda ake shirya shi, ta yadda ba zai nutse ba, ba kuma zai tsaya a inda hannu ba ya kai ba.

Shi dai wannan abu ba sabo ba ne a duniya. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa da igiyar rediyo a birnin New York, har wasu 'yan kallo suka ɗauka siddabaru ne. A yau a Amurka da Turai akwai ƙungiyoyin manyan mutane, masu furfura, da ke tseren irin waɗannan jirage bisa ƙa'idoji rubutattu. Abin da ya canza a shekarun nan shi ne batir mai sinadarin lithium da ƙananan injuna masu ƙarfi sun yi araha, har gudun da a da sai gwanaye ke samu ya shigo hannun ɗan shekara goma sha biyu. Abin ya zo mana, amma ilimin da ke rakiyarsa bai biyo shi ba.

Abu na farko da na koya, wanda kuma ya fi kome sauƙi, shi ne a sa wa jirgi abin da zai riƙe shi a saman ruwa ko da ya cika maƙil. Lissafin ba shi da wuya. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, don haka jirgin da nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, in aka cusa masa abu marar nauyi da ba ya shan ruwa wanda girmansa ya kai lita ɗaya da rabi, ba zai je ƙasa ba. Farin kumfan nan da ake tokare firij ko talabijin da shi a cikin kwali yana yin wannan aiki, a yanka shi a cusa a cikin goshin jirgin da gefe-gefensa, a kuma manna ɗan guntu a ƙarƙashin murfi don shi ma kada ya ɓace. Amma kada a yi kuskuren sa soson katifa, wannan shan ruwa yake yi, ƙara wa jirgin nauyi zai yi a daidai lokacin da ake neman sauƙi. Da na san wannan tun farko, da jirginmu na fari bai wuce ya jiƙe ba.

Sai murfi. 'Yan maƙullan roba da kamfani ke sa wa murfin ba sa iya riƙe shi in jirgi ya bugi ruwa da gudu, domin a irin wannan gudu ruwa ba shi da taushi. Masu abin sukan bi gefen murfin gaba ɗaya da salatif mai hana ruwa duk sa'ad da za su saka jirgi, bayan sun goge wurin ya bushe. Aiki ne na minti biyu, kuma shi ne wanda yaro mai ɗoki zai fi son a tsallake. Na ba ɗana labarin wani katafaren jirgin fito na Ingila mai suna Herald of Free Enterprise, wanda ya bar tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam ranar 6 ga Maris, 1987, ƙofar gabansa a buɗe. Cikin 'yan mintuna ruwa ya shiga inda ake ajiye motoci, ya gangara gefe guda, jirgin ya kwanta, mutum 193 suka rasu. Abin lura a nan shi ne ba lallai sai ruwa ya cika jirgi yake kifar da shi ba. Kaɗan ma ya isa, muddin yana da filin da zai yi ta kai da kawo, domin duk gefen da jirgi ya karkata can ruwan zai ruga ya ƙara danne shi. Don haka kafin mu je ko'ina, sai da muka cika bahon wanki, muka saka jirgin na ɗan lokaci, muka danna shi ta kowane gefe, sa'an nan muka buɗe muka duba. Mun kuwa sami ɗigo a inda sandar farfela ke fita, muka cika bututun da giris.

Wurin da na fi daɗewa shi ne batun nauyi, domin a nan ne adunguren ranar Juma'a ya samo asali. Kowane jirgi yana da wata tsakiya inda nauyin gabansa da na bayansa suke daidaita. A irin namu mai ciki kamar na kwalekwale, wannan tsakiya ya kamata ta faɗo wajen kashi 30 cikin ɗari na tsawonsa, in an auno daga baya. A jirgi mai santimita 65, wajen santimita 19 zuwa 20 ke nan. Gane ta ba ya buƙatar wata na'ura: a shirya jirgin tsaf da batirinsa, a ɗora shi a kan fensir da aka kwantar a tebur, a yi ta matsawa har ya tsaya bai rinjayi gaba ko baya ba. In tsakiyar ta yi baya da yawa, goshin zai ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi kamar faifai. In ta yi gaba da yawa, goshin zai riƙa huda ruwa, in an zo juyawa sai ya kafe, bayan ya wulwulo. Da yake batir shi ne abu mafi nauyi a ciki, da shi ake gyara wannan, a matsa shi gaba ko baya da santimita ɗaya kacal, a gwada, a sake matsawa. In an sami wurin, sai a yi alama a ɗaure shi tamau. A jirginmu na fari batirin a sake yake, yana yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa da ban duba ba.

Akwai kuma wani abu da ya ba ni mamaki. Farfela in tana juyawa gefe guda, jikin jirgin yakan so ya mirgina ɗaya gefen. A yawancin waɗannan jirage dama yake karkata, shi ya sa ake ɗan matsar da batir hagu. Wannan ne ma dalilin da ya sa farfelar da ta fi girma, wadda mai kanti zai ce maka tana ƙara gudu, take ƙara mirginar, ta kuma sa inji zafi. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar farfelar da jirgin ya zo da ita. Ya kuma kiyayi kaifinta, domin tana yanka yatsa kamar aska, kada a bari yaro ya riƙe jirgi ta baya alhali batir na haɗe.

Rimot ɗin zamani yana aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4, wanda ya raba mu da matsalar da, lokacin da rimot biyu kan shiga wa juna magana. Sai dai wannan zango ba ya ratsa ruwa sosai, saboda haka dole kan eriya ya kasance a tsaye, sama da layin ruwa, nesa da batir da wayoyin wuta. Ana kunna rimot kafin a haɗa batirin jirgi, in an gama kuma a cire batirin kafin a kashe rimot. Mafi muhimmanci, akwai wani tsari a cikin na'urar da ke gaya wa jirgi abin da zai yi in saƙo ya yanke, kuma abin da ake so ya yi shi ne ya tsaya cik. Gwada shi ba wuya: a ɗora jirgin a kan mazauninsa a tudu, a ba shi wuta kaɗan, a kashe rimot. In farfela ta ci gaba da juyawa, wannan jirgi bai isa shiga ruwa ba, domin ranar da saƙo ya yanke zai miƙe ne da cikakken gudu har sai ya sami abin da ya tare shi, ko dutse ko ƙaurin mai wanki.

Batun zafi kuwa, mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu ya fi shafa. Injin da na'urar da ke raba masa wuta da ruwa suke sanyaya, wanda ke shiga ta wata 'yar ƙofa a ƙarƙashi ya fita ta gefe. Ruwanmu na damina jajir yake da laka, toshe wannan bututu ba ya yi masa wuya, don haka duk wucewar da jirgi zai yi ta gabanka ka duba ko yana tsartuwa. Ka yi minti biyu ka dawo da shi, ka ɗora yatsa a kan injin, in ba ka iya ƙirga biyar ba, ya yi zafi da yawa. Kowane ɗaki na batirin yana cika a bolt 4.2, ba a kuma so ya sauka ƙasa da wajen 3.2, in za a ajiye shi kwanaki a bar shi a 3.8. Ma'anar wannan ga mai tuƙi ita ce kada ya jira jirgi ya gaji kafin ya dawo da shi. Batirin da ya kumbura an gama da shi. Kada a bar shi a mota cikin rana, kada kuma a sa shi caji a ɗakin yara a tafi masallaci, musamman a gidajen da wuta ke zuwa da tafiya yadda ta ga dama, domin gobarar lithium ba ta jin lallashi.

Duk wannan shiri ba ya hana leda. Baƙar ledar nan da ta zame mana ado a ko'ina, da ciyawar ruwa, da guntun zaren masunta, kowanne yana iya naɗe farfela ya tsayar da jirgi mai lafiya. Masu zama kusa da fadamun Miga da Auyo sun san yadda kacala ta cinye hanyoyin ruwa a kwarin Haɗejiya, irin wannan wuri ba na wasan jirgi ba ne. Don haka nake tsayawa a gaɓar da iska ke kaɗowa gare ni, ta yadda in jirgin ya mutu, iskar za ta turo mini shi. Ina kuma tafiya da sandar fatsa, amma a maimakon ƙugiya ƙwallon tanis nake ɗaurawa a bakin zaren. In an jefa ta ta haye jirgin, aka jawo a hankali, zaren yakan sarƙe shi ya taho da shi. Dokar da na kafa a gidana guda ce, na kuma faɗa wa yaran unguwa a gaban iyayensu: ko jirgin zinariya ne, ba mai shiga ruwa dominsa.

Da muka shirya sabon jirgin, madatsar ruwa ta Warwade muka kai shi, domin ta fi fili. Na nemi izinin masunta, na kuma nisanci komarsu da wurin da shanu ke sha. Wani dattijo daga cikinsu ya tsaya yana kallona ina auna jirgi a kan fensir. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan karatun namu ne. Wa ya taɓa ɗora buhu a goshin kwalekwale?" Na ce, "Baba, to ku yaya kuke kiran wannan tsakiyar?" Ya ce su ba sa kiranta, a ƙafa suke jin ta.

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Abin da na sha wahalar tonowa daga takardun Turanci, wato a sa kaya ƙasa-ƙasa, a raba nauyi daidai, a kwashe ruwan da ya shigo tun yana kaɗan, kada a juya da gudu, duk yana nan a wurin masu fito na Ringim da Taura da Haɗejiya. Masuncin da ke kwanciya a kan ƙatuwar gora ya ratsa kogi ya riga ni sanin sirrin kumfan kwali. Amma duk da haka ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma abin da aka fi dangantawa da haɗarin shi ne lodi fiye da kima. A watan Agustan 2024 ma an yi irin wannan rashi a yankin Taura, nan kusa da mu. A ganina ba sani ne ya yi wa mai fito ƙaranci ba. Shi kaɗai ne ya sani, fasinjojin da ke turereniyar shiga ranar kasuwa ba su sani ba, kuma ba shi da bakin da zai hana mutum na ashirin da ɗaya hawa alhali ƙafarsa ta riga ta gaya masa jirgi ya cika. Ilimin da ke zaune a ƙafar mutum guda ba ya iya gardama da taron jama'a.

A nan ne laifin ya dawo kanmu, mu masu nazarin harshe. Takardar bayanin da ke cikin kwalin jirgin da Sinanci da Turanci aka rubuta ta, Turancin ma irin wanda sai an yi masa tafsiri. A rubutun nan kaɗai mai karatu ya ga yadda na yi ta kewaye-kewaye: "tsakiyar nauyi", "na'urar da ke raba wuta", "tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa" wadda ko ambatonta ban yi ba sai yanzu saboda tsawon sunan. Mun ɓata shekaru muna ƙirƙiro kalmomin siyasa da na mulki, amma ban ga mun je bakin kogi da littafi da alƙalami mun zauna da Sarkin Ruwa ba. Abin da yara ba su da sunansa, da wuya su yi tambaya a kansa. Ni dai na fara tattara abin da na samu daga bakin masunta, na kuma ba biyu daga cikin ɗalibaina 'yan yankin Haɗejiya wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri. Ina kuma ganin malamin kimiyya a ƙaramar sakandare, da bahon wanki da gwangwanin sardin da 'yan tsakuwoyi, zai iya nuna wa aji guda cikin minti arba'in dalilin da ya sa kwalekwale ke kifewa in mutane suka miƙe tsaye ko suka ruga gefe guda. Ba sai an jira kwangila ba.

Ranar da muka je Warwade karo na uku, iska ta ɗan taso, ruwan ya yi tudu-tudu. Na ce wa yaron ya rage gudu in zai fuskanci iskar, ya kuma sassauta kafin ya juya. Ya bi maganata sau huɗu, a na biyar ƙuruciya ta motsa. Jirgin ya tashi, ya juya a sama, ya faɗi a kife. Murfin bai buɗe ba, jan cikinsa na sama yana lilo. Na dubi ƙafafun yaron, takalmansa na nan a ƙafarsa. "Baba, miƙo sandar," ya ce. Jifa ta farko ta gaza, ta biyu ta yi hagu, a ta uku zaren ya sarƙe wutsiyar tuƙin. Da muka buɗe murfin, ruwan da ke ciki bai cika cokalin shayi biyu ba.